Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Siyasar Haƙar Ma'adinai da Darasin Kuzar Jos

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, duk mai sauraron labaran rediyo a 'yan shekarun nan zai lura cewa da wuya a yi mako guda ba a taɓo zancen ma'adinai ba. Yau a ce minista ya fita ƙasashen waje zawarcin masu zuba jari, gobe a ce gwamna ya aza harsashin masana'anta, jibi kuma a ce rami ya rufta da masu haƙa. Dalilin wannan yawan magana a fili yake, wato kuɗin man fetur sun daina isar ƙasa, don haka hukuma ta juya ga sauran albarkatun da Allah ya binne a ƙarƙashin ƙasarmu. Sai dai abin da ba a cika tsayawa a yi wa jama'a bayaninsa ba shi ne, mene ne rabon mutanen da aka sami arzikin a gonakinsu da makiyayarsu?

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana yadda siyasar zuba jari a harkar ma'adinai take gudana, da irin tasirin da take yi a kan al'ummar da ke zaune a wurin. Na zaɓi in kafa hujja da tarihin haƙar kuza a tsaunukan Jos, domin kuwa labari ne da ya yi farko, ya yi tsakiya, ya kuma kai ƙarshe, saboda haka ana iya ganin abin da ya haifar ɗungurungum. Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, rabon al'umma yana rataye ne a kan sharuɗɗan da aka ƙulla tun kafin a kafa diga a ƙasa, da kuma su wane ne aka zauna da su lokacin da ake ƙulla su.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Da yake mu ɗaliban harshe ne, ya dace mu fara da kalmomi. Kalmar ma'adini, wadda jam'inta shi ne ma'adinai, Hausa ta aro ta ne daga Larabci, kuma tana nufin duk wani abu mai daraja da ake haƙowa daga ƙasa, kamar zinariya da azurfa da kuza da dalma da kanwa. Jari kuwa shi ne dukiyar da mutum ya sa a wata sana'a da niyyar ta dawo masa da riba. Ita ma siyasa daga Larabci take, kuma asalin ma'anarta shi ne iya tafiyar da al'amura. Har yanzu a kasuwa mai saye kan ce wa mai kaya ya yi masa siyasa, wato ya sassauta masa. A nan ina amfani da kalmar ne da nufin ja-in-jar da ake yi a kan tambayoyi huɗu: wa ya mallaki abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wa ke ba da izinin haƙa, yaya ake raba riba, kuma wa zai ɗauki asara.

Jarin ma'adinai ya sha bamban da na sauran sana'o'i ta fuskoki uku. Da farko, ana kashe kuɗi masu yawa wajen bincike da sayen injuna shekaru kafin a ga ko kwabo, shi ya sa mai jari ke neman a ba shi tabbacin fili na tsawon lokaci. Na biyu, ma'adini ba ya tashi daga inda Allah ya ajiye shi. Mai masaƙa yana iya kwashe injunansa ya koma wani gari idan bai ji daɗin wuri ba, amma mai haƙa dole ya zo inda abin yake, ko da gonar wani ce ko maƙabartar kakanninsa. Na uku, ma'adini yana ƙarewa, kuma ba a wurin da ake haƙarsa ake yanke farashinsa ba. Ranar da ya ƙare ko kasuwarsa ta faɗi, kamfani zai naɗe tabarmarsa, mutanen gari kuwa ba su da inda za su.

Kuza Kafin Zuwan Turawa

Ba Turawa ne suka fara gano kuza a wannan yanki ba. Tun kafin mulkin mallaka akwai maƙera a Liruwen Kano, wato Riruwai ta yau a ƙaramar hukumar Doguwa, da kuma Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi, waɗanda suke wanke yashin rafi su tace kuza, su narka ta a matoya, su zuba ta ta fito sirara kamar tsinke. Fatake suna sayen waɗannan tsinkayen kuza su kai kasuwannin Kano da Nufe da sauran wurare, inda maƙeran farfaru ke amfani da ita. A kasuwannin bakin Binuwai ne ma'aikatan kamfanin Turawa suka ga wannan haja a shekarun 1880, suka shiga tambayar inda take fitowa.

A 1902 kamfanin Neja ya aika da masu bincike, sannan a wajajen 1904 wani injiniya mai suna Henry Laws ya kafa sansani a Naraguta, kusa da inda garin Jos yake a yau. Mutanen tsaunukan ba su karɓi baƙin hannu bibbiyu ba, sai da aka yi ta tura sojoji da bindigogi kafin a buɗe ƙasar ga masu haƙa. Cikin 'yan shekaru kuma aka raba wuraren da maƙeran Liruwe ke ɗibar kuza ga kamfanoni, aka kashe sana'ar tasu. Ke nan asara ta farko da zuwan babban jari ya jawo ita ce mutuwar wata fasaha ta gida.

Yadda Ƙasa ta Koma Hannun Kamfanoni

Abin da ya ba kamfanoni ƙarfi shi ne doka. Gwamnatin mulkin mallaka ta shimfiɗa ƙa'idar cewa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na hukuma ne, ita ce kuma kaɗai mai ikon ba da izinin haƙarsa. Manomi yana da haƙƙin noma saman gonarsa, amma idan hukuma ta ba wani kamfani takardar wurin, abin da zai samu bai wuce diyyar amfanin gona da ɓarnar da aka yi wa fili ba. Ba shi da ko anini a cikin kuɗin kuzar da aka kwasa daga ƙarƙashin ƙafarsa.

Akwai wani misali da ke nuna yadda ake ƙulla irin waɗannan sharuɗɗa a bayan idon masu ƙasa. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin Royal Niger a farkon 1900, ta biya shi fam 865,000, sannan ta yi masa alkawarin rabin kuɗin da hukuma za ta riƙa karɓa a kan ma'adinan da aka haƙa a wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. An yi wannan yarjejeniya a Landan tun kafin Turawa su ci yawancin ƙasar da ake magana a kanta da yaƙi. Haka aka yi ta biyan wannan kaso, har sai a wajajen 1950 da gwamnatin Nijeriya ta fanshi haƙƙin daga kamfanin UAC, wanda ya gaje shi, a kan fam miliyan ɗaya.

'Yan kishin ƙasa ba su yi shiru ba. Dokar ma'adinai ta 1945, wadda ta jaddada mallakar Sarkin Ingila a kan ma'adinan Nijeriya, tana cikin dokoki huɗu da jam'iyyar NCNC ta zagaya ƙasa tana suka a 1946. A wannan rangadi ne ciwo ya kama Herbert Macaulay a Kano, aka mayar da shi Ikko ya rasu. A 1947 jam'iyyar ta tura wakilai Landan, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe da Funmilayo Ransome-Kuti da Zanna Bukar Dipcharima. Abin lura shi ne, da aka sami 'yancin kai ba a soke ƙa'idar ba. An cire sunan Sarkin Ingila ne kawai aka sa na Gwamnatin Tarayya.

Leburori da Diban Gwamna

Haƙar kuza a wancan zamani aikin ƙarfi ne, na diga da shebur da kwanon sarki, don haka tana bukatar dubban hannaye. Hanyar da aka bi aka samo su ita ce haraji. Da aka wajabta biyan haraji da kuɗin Bature, sai ya zama dole talaka ya nemi inda ake biyan lada da irin wannan kuɗi. Da an gama girbi sai samari daga ƙasashen Kano da Zazzau da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Barno su kama hanyar Jos cin rani. Daga Kudu kuma akawuna da masu gyaran injuna da 'yan kasuwa suka zo. Kafin a shimfiɗa hanyar dogo, a ka ake ɗaukar kuza har zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa.

A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, a 1927 kuma aka haɗa Jos da babbar hanyar dogo ta Fatakwal ta Kafancan. A 1929 aka kafa kamfanin lantarki na NESCO, wanda ya riƙa samar da wuta daga ruwan Kura domin injunan haƙa. Waɗannan abubuwa sun amfani jama'a, ba a musu, kuma su ne suka mayar da Jos babban birni mai tara kowace ƙabila. Amma don kuza aka yi su, shi ya sa da bukatar kamfanoni ta kau daga layin Zariya sai aka rufe shi a 1957.

Mafi munin abin da leburori suka gani ya faru ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce babbar mai samar wa Ingila kuza. Nan da nan aka juyo kan Nijeriya, aka kafa dokar aikin tilas, aka ɗora wa kowace En'e adadin mutanen da za ta kawo. Tsakanin 1942 da 1944 an kwashi mutum kimanin 100,000 daga ƙauyukan Arewa zuwa ramukan kuza. Jama'a suka sa wa abin suna diban gwamna. An kai mutanen da suka saba da zafi cikin sanyin tsauni, babu isasshen abinci, babu bargo, babu wurin kwana na kirki. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu. A 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan ko bayan nan. A littafin lissafin kamfani wannan shekara ce ta nasara, a ƙauyukan da aka ɗebi mutane kuwa shekara ce ta makoki. Masanin tarihi Bill Freund ya yi cikakken nazarin wannan zamani a littafin da ya wallafa a 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya.

Abin da ya Sami Masu Ƙasa

Su kuwa Birom da Anaguta da Afizere da sauran al'ummun da ƙasar take tasu, asararsu ta gona ce. Kuzar Jos tana kwance ne a cikin tsofaffin magudanan ruwa da fadamu, wato wuraren da suka fi albarkar noma. Da manyan injuna suka zo, musamman bayan da aka haɗa wasu kamfanoni aka kafa ATMN a ƙarshen shekarun 1930, sai aka riƙa yaye ƙasar sama gaba ɗaya ana tara ta tsibi-tsibi. An sare itatuwa domin girkin dubban leburori, an karkatar da rafuka domin wankin kuza. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da haƙa ta ɓata a tsaunukan Jos ya kai murabba'in kilomita 300 da 'yan kai.

A tsakiyar shekarun 1940 tura ta kai bango. Mutanen Gyel da maƙwabtansu suka tashi tsaye suna hana a ƙara ba kamfanoni gonakinsu, kuma a cikin wannan gwagwarmaya ce ƙungiyar ci gaban Birom ta yi ƙarfi. Hukuma ta gwada kwashe wasu iyalai zuwa wani sabon matsuguni da aka kira Sabon Zawan, amma shirin bai yi nasara ba. An ƙara kuɗin diyya, an kuma kafa sashen gyaran filayen da aka haƙa, wanda ya riƙa baje tsibin ƙasa yana dasa itacen turare. Ɗan abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da aka ɓata. Duk da haka akwai darasi a nan: ɗan sassaucin da aka samu ya zo ne bayan da masu ƙasa suka haɗa kai suka yi magana da murya ɗaya.

Wani zai ce, ai tsarin mulkin 1960 da na 1963 sun ba yankin da aka haƙo ma'adini kashi 50 cikin ɗari na kuɗin da hukuma ta karɓa. Gaskiya ne, amma yanki a lokacin yana nufin Jihar Arewa baki ɗaya, saboda haka Kaduna kuɗin suke tafiya. Babu wata doka da ta ce a ware wani abu a mayar wa ƙauyen da aka haƙe gonarsa. Wannan giɓi tsakanin gwamnatin da ke karɓar kaso da ƙauyen da ke ɗauke da rami yana nan har gobe.

Faɗuwar Kasuwa da Abin da Aka Bari

A shekarun 1950 kasuwar wani ma'adini da ake samu tare da kuza, wato kolumbayit, ta buɗe saboda Amurka tana tara shi, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos, bayan an shafe fiye da shekara hamsin ana kai ɗanyar kuza Ingila. A 1972 aka kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya mai hedikwata a Jos, aka kuma fito da dokar mayar da hannayen jarin kamfanoni ga 'yan ƙasa. Sai dai a lokacin kuzar da ke kusa da sama ta fara ƙarewa, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur. A watan Oktoba na 1985 majalisar da ke tallafa wa farashin kuza a duniya ta karye, aka dakatar da cinikin kuza a kasuwar ƙarafa ta Landan, farashi ya faɗi warwas. Wannan ne ya ƙarasa manyan kamfanonin Jos.

Abin da aka bar wa jama'a shi ne ɗaruruwan kududdufai masu zurfi, waɗanda suke cin mutane da dabbobi, da tarin yashin wanki wanda bincike ya nuna wani daga cikinsa yana fitar da tururi mai cutarwa, ga shi kuwa mutane na ɗiba suna gini da shi. Ma'aikatan da aka sallama da 'ya'yansu suka koma haƙa da hannu, suna nutsa rijiyoyi masu zurfi da ake kira loto, waɗanda sukan rufta da mutane. Gaskiya ne jama'a sun nemi hanyar cin moriyar abin da ya samu, domin da ruwan kududdufan nan ake noman rani na tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa, kuma tafkin shaƙatawa na Rayfield tsohon ramin kuza ne. Amma wannan dabarar talaka ce, ba ta cikin lissafin kowane kamfani.

Akwai kuma gadon da ya fi rami zurfi. Kamfanoni sun tara mutane daga ko'ina, suka zaunar da su a barikoki, jikokinsu suka tashi ba su san wani gida ba sai nan. Su kuma masu ƙasa suna ganin an rage musu gonaki ba da shawararsu ba. Da kuza ta faɗi, aka bar ɓangarorin biyu suna takara a kan ɗan abin da ya saura na fili da muƙami da aikin gwamnati, ba tare da an taɓa zama an warware matsayin kowa ba. Rikice-rikicen Jos na 1994 da 2001 da 2008 da 2010 suna da dalilai da yawa na siyasa da addini da ƙabilanci, amma wanda bai san tarihin kuza ba, ba zai fahimci tushen gardamar ɗan ƙasa da baƙo a wannan gari ba. Kowane ɓangare ya yi asarar rayuka, alhali waɗanda suka kwashi ribar sun daɗe da barin ƙasar.

Me Doka ta ce a Yau?

Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinan ƙasar nan. Ita kuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi. Ke nan saman ƙasa yana hannun gwamna, ƙarƙashinta yana hannun Abuja, manomi kuma yana tsakiya. Daga nan ne yawancin saɓanin da muke ji yake tasowa. Alal misali, a watan Fabrairu na 2025 gwamnan Filato, Caleb Mutfwang, ya ba da umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a jiharsa saboda matsalar tsaro, alhali ba shi ne ya ba da lasisin ba.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ita ce ta tsara yadda ake ba da lasisi ta hannun ofishin rajistar filayen ma'adinai, bisa ƙa'idar wanda ya riga nema shi ake ba. Lasisin bincike yana iya kai murabba'in kilomita 200 na tsawon shekara uku, ana kuma sabunta shi. Lasisin babbar haƙa kuwa na shekara 25 ne. Domin jawo masu jari, dokar ta yi musu rangwamen haraji na shekarun farko, ta yafe musu kuɗin fito a kan injuna, ta kuma ba su damar fitar da ribarsu waje. Har ila yau ta ce idan aka ba da lasisin haƙa, to haƙar tana gaba da duk wani amfani da ake yi da filin.

A ɗaya ɓangaren, dokar ta zo da abubuwan da yawancinsu mutanen Gyel ba su samu ba a zamaninsu. Ta bukaci a nemi amincewar mai fili, a biya diyya, a yi nazarin illar aikin ga muhalli, a kuma tanadi kuɗin gyaran wuri bayan an gama. Mafi muhimmanci, sashe na 116 ya wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kan abubuwa irin su makaranta da asibiti da ruwa da guraben aiki, kuma a riƙa sake duba ta duk bayan shekara biyar. Haka kuma jihar da aka haƙo ma'adini tana da kashi 13 cikin ɗari na kuɗin da aka samu.

Matsalar tana wajen aiwatarwa. Sau da yawa mutum biyu ko uku ne ke sa hannu da sunan gari duka. Wasu kuma suna karɓar lasisi ne su ajiye suna jiran mai saye. A watan Nuwamba na 2023 ma'aikatar ma'adinai ƙarƙashin minista Dele Alake ta soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan kuɗin shekara, a watan Afrilu na 2024 kuma ta soke wasu 924 da ba a aiki da su.

Sabon Zubi a Tsohuwar Tukunya

Inda babban kamfani bai zo ba, jari yakan shigo ta bayan gida, ta hannun dillalai da ke ba matasa kuɗin abinci da kayan aiki su kuma saye abin da aka haƙo da araha. Haka aka yi a Zamfara. Da farashin zinariya ya tashi, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka riƙa kawo duwatsu cikin gida suna niƙawa, ba su san duwatsun cike suke da dalma ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa ƙurar ce ke kashe yara, kuma aƙalla yara 400 ne suka rasu. Garin Bagega bai sami kuɗin share gubar ba sai a 2013. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙa a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba ta ɗage hanin ba sai a watan Disamba na 2024. Mutanen birni ma ba su tsira ba, domin fashewar da ta rusa gidaje ta kuma kashe mutane a unguwar Bodija ta Ibadan a watan Janairu na 2024, gwamnan Oyo ya danganta ta ne da nakiyoyin da masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba suka ɓoye.

A 'yan shekarun nan kuma hankali ya koma kan litiyom, wanda ake yin batirin waya da na motoci masu aiki da lantarki da shi. A 2024 aka buɗe wata masana'antar sarrafa shi ta 'yan kasuwar Sin a Jihar Nasarawa, a shekarar kuma 'yan jarida suka ba da rahoton ƙananan yara da ke aikin tsintar duwatsun a wasu ramukan jihar. Kamar yadda yaƙin Turai ya sa aka matsa wa Jos a 1942, haka bukatar ƙasashen da suka ci gaba ke tura masu jari Nasarawa da Kwara da Kaduna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Ruwanmu a ciki babba ne. Lasisi da yarjejeniya da rahoton muhalli duk da Ingilishi ake rubuta su, Ingilishin ma na lauyoyi. Mutumin da aka ce ya dangwala yatsa bai amince da komai ba idan bai fahimci abin da ke cikin takardar ba. A wurin taron gari, tafinta ne ke riƙe da amanar jama'a. Idan ya kasa bambanta sanarwa da neman shawara da neman amincewa, ko ya kira diyya da sunan kyauta, ko ya bar mutane suna zaton lasisin bincike na shekara uku daidai yake da na haƙa na shekara 25, to ya sayar da gari ko da bai karɓi ko sisi ba. Hausa ita ce harshen ciniki a ramukan Filato da Nasarawa da Neja, har ma da wuraren haƙar zinariya na ƙasar Ijesha inda 'yan Arewa da yawa ke aiki. Saboda haka fassara dokar 2007 zuwa Hausa mai sauƙi aiki ne da sassanmu za su iya ɗauka, tare da haɗa hannu da masana harsunan Birom da Eggon da Gbagyi da Yarabanci, domin kowa ya ji da harshen da ya fi ganewa.

Bugu da ƙari, akwai fagen nazari da ke jiran masu rubuta kundin digiri. Kalmomi irin su lebura da heluma da diga da shebur da bariki da manaja sun yaɗu ne ta wuraren aiki irin na kuza da hanyar dogo. Sunayen garuruwa kamar Barikin Ladi da Gindin Akwati da Mai Adiko da Sabon Gida suna ɗauke da tarihin zaman leburori. Tsofaffin da suka yi aiki a ƙarƙashin kamfanonin nan suna ta ƙarewa, kuma abin da ke bakinsu na labarai da waƙoƙin aiki da karin magana ba ya cikin takardun kamfani.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta bi sawun kuzar Jos tun daga maƙeran Liruwe har zuwa kududdufan da aka bari, ta kuma nuna cewa ƙa'idar da Turawa suka kafa ta raba mai gona da abin da ke ƙarƙashin gonarsa tana nan daram a dokokinmu. Ni dai ban ga laifin zuba jari ba, domin haƙa ta zamani ba ta yiwuwa sai da kuɗi da injuna da ƙwararru, kuma matasanmu suna bukatar aiki. Abin da nake gani shi ne, duk al'ummar da masu jari suka ƙwanƙwasa wa ƙofa ta tsaya a kan tambayoyi kafin ta ce a shigo: wane irin lasisi ne, shekara nawa ne, wa ya sa hannu a madadinmu, me aka rubuta za a yi mana, kuma ina kuɗin cike rami suke ajiye? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a yi zaman a bainar jama'a, da maza da mata da matasa, a karanta takardar da harshen da kowa ke ji. Mu kuma da Allah ya ba ilimin harshe, mu yi ƙoƙari mu zama tafintocin da za a iya amincewa da su. Allah ya sa arzikin ƙasarmu ya zame mana alheri, amin.